Mai Aikin Makamashi

Na zauna a zaurukan taro na ƙasashe da dama ina jayayya a kan makamashi, amma ba a taɓa kayar da ni warwas irin yadda aka yi mini a Haɗeja ba.

Lokacin ina ƙaramin jami'i a Legas, ina ɗauka wa manya jaka zuwa taron ƙasashen waje, ina jin kaina kamar ni na ƙera rana. Sai na ga wata malamar firamare a garinmu, na ce in ba ita ba rijiya. Na tura baffana neman aurenta.

Mahaifinta manomin shinkafa ne a fadama. Ya tambayi sana'ata. Baffa ya gyara zama ya ce, "Harkar makamashi yake yi, har ƙasashen waje."

To, a wurinmu makamashi itacen girki ne. Tsohon kuwa ya daɗe yana jin haushin masu sare itatuwan fadama suna lodawa a mota. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ya aske daji har Turawa suka san shi ba.

Hankalina ya tashi ƙwarai. Na biyo motar haya, na cire takalmi, na durƙusa a zauren tsohon ina gumi, baffa yana gefe.

"Baba, ba itace ba ne. So muke a daina ƙona shi ma. Hasken rana za a mayar lantarki."

"Kai ne kake mayarwa?"

"A'a, Baba."

"Kai ne kake sayarwa?"

"A'a. Mu dai muna zama da mutanen wasu ƙasashe mu tattauna."

"In kun tattauna fa?"

"Sai mu sa ranar wani zaman."

Ya tsura mini ido. Ni kuwa na ci gaba da zuba kamar kanya, har da Turanci, wai ko zai ga ilimi. Da na gaji don kaina, sai ya juya wurin baffa, murya cike da tausayi.

"Malam, na zalunci yaron nan da zato. Ba mugu ba ne, aikin yi ne ba shi da shi. Na ba shi. Ita tana koyarwa, za ta riƙe shi."