Na tsaya sallama, dodo ya cinye ni

Jama'a, yau dodo ya cinye ni a ƙofar gidan mutane!

Da Baban Hanifa zai tafi aiki Legas, ya bar min wasan gem a tsohuwar wayarsa. Kullum ina fargabar in kashe masa jarumin, don ya yi wa gem ɗin ƙare-ƙare, in ka mutu sai daga farko.

Shiru ya ishe ni, na kunna. Dodo ya biyo ni! Na ruga wata bukka, na tsaya ina sallama a fili. Ba a amsa ba. Ya zan faɗa gidan mutane haka? Ina nan tsaye dodo ya cinye ni.

Na kira Baban Hanifa. Ya ce, "Maman Hanifa, shiga kawai ake yi! Ina aiki." Ƙit, ya kashe.

Don Allah wadda ta iya, ta zo gidanmu a Toranke mu sake tare. Zan dafa mana gyaɗa.