Anti Rabi da Wayar Silifas

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iyayena da yayyena na wannan zaure, ku gafarce ni. Ban kai in sa baki a cikinku ba, da sunan Abbana ma na shigo. Yau ce dai na kasa yin shiru.

Da safen nan ina ɗaura takalmin makaranta, Umma ta ajiye waya ta zauna a ƙasa. Anti Rabi ta rasu jiya a gida Najeriya, wajen haihuwa. Jaririyar tana raye.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce matar Malam Sani da ke karatu a nan Doha. Duk Juma'a bayan la'asar takan tara mu, yaran Hausawa, a falonta da ke unguwar Bin Mahmud, tana koya mana Hausa. Ba wanda ya sa ta.

Ina ƙarama aka kawo ni ƙasar nan. Na tashi ina jin Hausa, amma ba na iya mayarwa. Babu abin da nake tsoro kamar ranar da Abba zai sayo katin waya ya kira Kaka. Da an miƙa min sai ta ce, "Wace ce? Balarabiyar nan kurma? Mummuna, me kika ajiye min?" Sai in miƙa wa Umma wayar in shige ɗaki in yi ta kuka. Na ɗauka da gaske ba ta sona. Har na daina karɓa.

Da Anti Rabi ta ji labari, dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce, "Zainabu, ai wasan kaka da jika ke nan. Jira take ki rama."

Juma'ar da ta zagayo sai ga ta da ɗaurin ɗankwali irin na tsofaffi, ta tsotse baki kamar marar haƙora. Ta kara silifas a kunne, ta miƙo mana ɗaya warin. Dokar wasan ita ce ka gaida Kaka cikakkiyar gaisuwa, ta tsokane ka, ka rama da Hausa. In ka yi shiru, ko ka sako Turanci ko Larabci, sai ta ce, "Halas, shi ke nan, kati ya ƙare!" ka koma bayan layi.

Na daɗe kati yana ƙarewa a kaina. Amma in an tashi sai ta danƙa min dabino a ɓoye, irin wanda take ba wanda ya ci wasa.

Ƙirga ma da carafke ta koya mana, da ƙwallayen dabino.

Rannan a wasan Anti Rabi ta ce, "Mummuna, me kika ajiye min?" Sai na ji bakina ya ce, "Ƙashi na ajiye miki, Kaka, in kina da haƙoran." Falo ya kaure da ihu.

Haka na faɗa wa Kakata ta gaske. Ta yi dariya har ta ƙware, ina jiyo ta tana kiran mutanen gida, "Ku zo ku ji, Balarabiyata ta yi baki!" Tun daga nan ni take fara nema.

Ganina da Anti Rabi na ƙarshe, ciki ya tsufa, da ƙyar take tashi. Ta ce, "In na dawo da jariri ke za ki zama kakarsa a wasa. Yalla, maza ki fara koyon tsotse baki."

Ɗazu na roƙi Abba ya kira min Kaka. Ta fara tsokanarta yadda ta saba, na kasa ramawa. Ta ce, "A'a, kurmar ta dawo ne?"

Ban miƙa wa Umma wayar ba. Na ce, "Kaka, wadda ta koya min amsa miki ce ta rasu."

Can ta ce, "Faɗa min sunanta, 'yar nan, in sa ta a addu'a."

Allah Ya jiƙan Anti Rabi, Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta huta. Allah Ya raya abin da ta bari, Ya ba Malam Sani haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a.

Akwai ƙanana a cikinmu da ba su kai ga ramawa ba tukuna. In kun ba ni izini, ina so in rubuto yadda ake wasanninta, ko iyayensu mata za su ci gaba da yi musu.