Shinkafa a Bakin Raga

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, ban ga alamar zai kwashe ranar da Darakta ya tuɓe takalmi a filin ƙwallon garinmu ba. Ku da aka ɗauka aiki kwanan nan kun tarar ana ce wa wurin gidan iri, kuna zaton haka yake tun asali. To ba haka ba ne. Ku karanta nan ku huta da tambayata, ni ma in huta da maimaitawa.

Sunana Ado, amma in ba ka ce Ado Ciyawa ba, babu mai nuna maka gidana. Lebura ne ni a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, mataki na uku. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, mataki na uku shi ne wanda in za a yi taro shi ke jera kujeru, in an tashi shi ke kwashewa, kuma ba a taɓa ce masa ya zauna a kai ba. Karatuna bai wuce firamare ba, ita ma da kyar. Tun ina da ƙarfina aka tura ni filin wasa, aka ce ni ne mai kula da ciyawa.

Aikin ba shi da yawa a baki. Akwai ƙaramin kanal da ya bi ta bayan katanga, sai in ta da inji in jawo ruwa in jiƙa fili. In yanke ciyawa in ta yi tsawo. In shafa layuka da farar ƙasa ranar wasa. In kori awaki. Ciyawar kuwa kiri-kiri ce, da hannuna na riƙa tono ta a bakin kanal ina dasawa har ta rufe filin kaf. Duk ƙasar Kura da Bunkure ni kaɗai gwamnati ke ba albashi don in raini abin da kowane manomi ke ɗaukar 'yan ƙwadago su cire masa. An yi min dariya har an gaji. Amma in ka taka filin nan a lokacin, sai ka ji kamar ka taka darduma.

Sai ƙungiyar garinmu ta yi abin da ba wanda ya zata, wato ta riƙa cin wasa. Aka ɗaga ta zuwa rukuni na gaba. Masu shirya gasa suka zo suka duba, suka ce filinmu ba ɗakin canza kaya, ba wurin zaman manyan baƙi. Attajirin da ke ɗaukar nauyin yaran ya kwashe su ya koma da su cikin birni. Suka tafi da ƙwallaye, da raga, da injin yankan ciyawa. Abu biyu suka bari: turakun gola, waɗanda muka ci gaba da ce wa raga, saboda an kafa su da siminti, sai ni.

Na je wurin shugaban sashenmu na wancan lokaci na ce, "Ranka ya daɗe, yanzu me zan riƙa yi?"

Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ka ci gaba da ba ciyawa ruwa har sai an ce ka bari."

Ku riƙe wannan. A aikin gwamnati umarni ba ya mutuwa don mai shi ya tashi. Shi ya yi ritaya, ba wanda ya ce in bari, ni kuwa na ci gaba da ban ruwa. Filin da ba mai taka shi sai balbela.

Ana nan bazara ta shigo, aka yanke shinkafar rani. Kun san yadda ake yi a nan. Kowa ya casa tasa, sai ya nemi inda zai shanya shanshera, wato shinkafar da ba a ɓare ba. Gefen kwalta ake bi, mota ta taka, akuya ta ci, kai kana tsaye da sanda kamar mai gadin kasuwa. Alhaji Ubale, maƙwabcina, wanda kaciyarmu ɗaya da shi, ya same ni a bakin ƙofar fili.

Ya ce, "Ado Ciyawa, kai ba ka jin kunyar Allah? Ga fili shimfiɗe, ga katanga, ga ƙofa mai kwaɗo, kana kiwon balbela, ni ina kokawa da tirela a kan titi?"

Na ce, "Alhaji, filin gwamnati ne."

Ya ce, "Ni kuma ɗan wace ƙasa ne?"

Na kai maganar wurin sufabaizanmu. Ya kalli rufin ɗaki, ya ce shi bai ji na ce komai ba. A wurinmu wannan izini ne. Washegari Ubale ya shigo da buhunansa a keke napep, ya shimfiɗa tamfol tun daga wannan raga har tsakiyar fili, ya baza shanshera. Raina bai so ba, don tamfol na sa ciyawa ta yi rawaya, amma na haɗiye.

Ranar da shinkafar ta kusa bushewa, ana shirin kiran la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin. Hadarin farkon damina ne, irin wanda iska ke riga ruwa zuwa. Kafin mu naɗe tamfol ɗaya, iska ta ɗaga sauran ta kaɗe su kamar mace na kaɗe tabarma. Shanshera ta watsu ko'ina. Ruwa ya biyo baya kamar da bakin ƙwarya. Ubale na gudu yana salati, yana tara abin da ya samu a cikin babbar rigarsa. Abin da ya faɗa cikin kiri-kiri kuwa ya faɗa ke nan, don ba a share hatsi daga cikin ciyawa. Mun gwada da tsintsiya, mun gwada da hannu. Daga ƙarshe ya zauna a gindin turken gola ya ce ya bar wa balbela sadaka.

Ruwan ya ɗauke bayan wannan, rana ta dawo da zafinta. Ni kuwa ba a ce in bari ba. Kullum da safe in ta da inji in jiƙa fili. Ba a yi mako ba na ga wani kore yana leƙowa wanda ba koren kiri-kiri ba ne. Siriri, tsaye cak, mai haske. Ba sai an gaya wa ɗan ƙasar nan ko mene ne ba. Kafin wani lokaci rabin filin ya zama gadon irin shinkafa, irin da ake cirewa a kai gona a dasa, ya yi lif gwanin sha'awa.

A daidai nan ne aka kawo mana sabon shugaban sashe, wanda muke ce wa Darakta. Labari ya iso min cewa zai zagaya duk wuraren da ba sa aiki, ya rufe su, ya kwashe kayan gwamnati, ma'aikatan kuma a rarraba su. Ni har an zaɓa min wuri: gadi a wani ƙaramin asibiti a ƙauyen da ke hayin kogi. Taransifa ke nan, canjin wurin aiki, kuma ɗan mataki na uku ba a tambayarsa ko yana so. Gidana yana bayan katangar fili, a ƙafa nake zuwa. Gwiwata ta hagu ta daɗe da yin ritaya, ni take jira. In aka kai ni hayin kogi da damina, ko dai in bar iyalina, ko in bar aikin ana gab da fanshona.

Na ce a raina, in Darakta ya tarar da ciyawa lafiya, wataƙila ya ji tausayi ya ce a bar fili saboda 'yan makaranta. In kuwa ya tarar na mai da filin gwamnati gona, to ko hayin kogin ma sai na roƙa. Na ɗauko lauje na wasa shi, na shiga fili da niyyar in aske shinkafar nan ƙasa-ƙasa.

Na durƙusa, na kama damƙi ɗaya. Wallahi hannuna ya ƙi. Na yanke ciyawa shekara da shekaru ban taɓa jin komai ba. Amma irin shinkafa ɗanye, lafiyayye, ana gobe-jibi a dasa shi? Ubana manomi ne, da ya ga yaro ya taka gadon iri sai ya bi shi har gaban uwarsa. Na saki, na koma wani gefen, na sake kamawa. Haka dai. Na mai da lauje gida.

Dabarar da ta zo min ita ce ta mutumin da dabara ta ƙare masa. Da sassafen ranar da za su zo na dama farar ƙasa, na bi na shafa layuka a kan shinkafar, da da'irar tsakiya, da yadi na sha takwas, har da ɗigon bugun fanareti. Na kafa tutoci a kusurwa. Ubale ya leƙo ta kan katanga, ya yi dariya har hularsa ta faɗo ciki.

Ya ce, "Ado, wa za ka ruɗa? Daraktan nan fa a fadama aka yanke masa cibiya. Ubansa na sayar wa ubana irin albasa."

Na ce, "In ya tsaya daga nesa, kore kore ne."

Da hantsi suka iso, Darakta da mutum biyu 'yan kwamitin zagayen. Na tare su da sauri na nuna musu benen 'yan kallo, na ce daga sama an fi ganin fili sosai. Suka hau. Darakta ya tsaya ya riƙe ƙugu yana kallo. Ni kuma ina gefe ina karanto duk addu'ar da na iya.

Can ya ce, "Malam Ado."

"Ranka ya daɗe."

"Wannan ciyawar taka, jamila ce ko sipi?"

Jamila da sipi sunayen irin shinkafa ne. Na ce, "Jamila ce, ranka ya daɗe. Amma iska ce ta shuka, ba ni ba."

Ya sauko, ya zauna a matakalar ƙarshe, ya tuɓe takalmi da safa, ya naɗe wando har gwiwa, ya shiga fili. Ya tsallake layin da na sha wahalar shafawa, ya tsuguna a bakin raga, ya tumɓuke damƙi ɗaya, ya kaɗe ƙasar, ya duba saiwa. Ya juyo ya kalli 'yan kwamiti, su kuwa tuni sun fara kwance igiyar takalmi.

Abin da ban lissafa ba shi ne, ruwan nan da ya watsa shinkafar Ubale shi ne ya wanke gadajen irin da mutane suka yafa a fadama. Wanda ya tsira kuma shanu sun bi ta kai. Kowa na neman irin dashe ido rufe, har Darakta, wanda gonarsa ke nan a gyare ba abin dasawa.

Ya ce, "Ba tsutsa, ba cizon dabba. Kai, katanga ta yi rana." Sai ya gyara murya ya koma Darakta. "Wannan dukiyar gwamnati ce. Za a raba bisa tsari."

Sai ga Ubale ya faɗo ta ƙofa, ko hular bai tsaya ɗauka ba. "Wace gwamnati? Yallaɓai, irina ne! Garin nan kaf an ga ranar da na yi asararsa."

Na ce, "Alhaji, ai ka ce ka bar wa balbela."

Ya ce, "To balbela ce wannan mai naɗaɗɗen wando?"

Darakta ya ce, "Alhaji, ƙasar ta gwamnati, ruwan na gwamnati, inji na gwamnati, mai ban ruwan ma na gwamnati."

Ubale ya ce, "To gwamnati ta zuba wa farar ƙasar nan ruwa mu ga ko za ta yi zangarniya."

Suna wannan, ɗaya ɗan kwamitin ya riga ya tsaya cikin yadi na sha takwas ya buɗe hannuwa, yana cewa shi nan kawai ya ishe shi. Ɗayan ya ce ai shi ya fara taka wurin. Layukan da na shafa don in ɓoye shinkafa, su suka zama iyakar rabo. Aka daidaita: daga raga zuwa yadi na sha takwas na 'yan kwamiti, daga nan zuwa da'irar tsakiya a raba biyu tsakanin Ubale da Darakta, abin da ya yi saura a gefe a ba duk wanda ruwa ya yi wa ɓarna.

Da na ga fuskar Darakta ta saki, na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, maganar hayin kogi fa?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, "In ka tafi wa zai ba irin ruwa? Saura kwana nawa a cire, kana maganar tafiya? Kada ka kuskura ka bar injin nan ya huta."

Ba a sake ta da zancen ba. Kafin damina ta gaba aka yi abin a hukumance: filin ya zama wurin rainon iri, shinkafa a lokacinta, tumatir da albasa a nasu, benen 'yan kallo kuma wurin shanya. Ranar da tarakta ta shigo ta kife kiri-kirina ban tsaya kallo ba, na tafi gida na ce kaina ke ciwo. Manoman da suka taru kuwa har tafi suka yi, wai an kashe ciyawa.

Abin da na koya, in kuna so ku ɗauka. Mutanenmu, daga mai mataki na uku har mai mota da direba, in ka kankare rigar za ka tarar da manomi, kuma manomi ba ya iya ganin ruwa da katanga a wuri ɗaya ya wuce. Na biyu, a aikin nan ba wahalar da ka sha ake dubawa ba, ana duba wanda in ya tafi wani babba zai yi asara. Na raini ciyawa rabin rayuwata ba wanda ya san ina yi. Na kasa yanke shinkafa rana ɗaya, na tsira da aikina.

Amma kada ku ce na ci riba. Da can 'yan ƙwallo sau ɗaya a mako suke damuna. Yanzu tun kafin in idar da sallar asuba ake buga min ƙofa, wannan ya ce gadonsa ya bushe, wancan ya ce na fi ba maƙwabcinsa ruwa. Wani lokaci in na ta da inji, na kan tsaya in kalli wajen kogi, in ce anya mai gadin asibitin can ba barcinsa yake sha ba?