Kilishin da Na Kai wa Mompe a Tondibiya

Ƙonni, Alhamis

Na bar gida ƙarfe biyar, daga sallame sallar asuba. Saƙo ne ya iske ni cewa za a maida Mompe Faransa ran Asabar, wai tsufa ya ci ƙarfinsa, ba ya gane kowa. Mompe limamin Kirista ne, Bafaranshe. Shekara ashirin da biyu ina dafa masa abinci a unguwar Yantala, cikin Yamai. Na ce wa 'ya'yana, zai manta da kowa ban da ni Rabi. Na sayi kilishi mai yaji, irin wanda yake so, na shiga kar, babbar motar fasinja.

Direba ya ce, "Hajiya, ke da tasbaha a hannu, wurin Nasara za ki?"

Na ce, "Yaro, tuƙa motarka. Wannan Nasaran ya fi ka tashin asuba."

Na ba shi labari har Dogondutsi. Da ƙuruciyarsa ya zo ƙasar nan. Da manyansu suka sake tsarin ibada, shi ya ƙi. Ya ci gaba da addu'a da tsohon yarensu, ya juya wa jama'a baya kamar limaminmu. Suka raba shi da babban coci, ya koma wani ɗan ɗaki da mutum goma sha. Baƙar rigarsa kuwa, ko a zafin bazara bai taɓa tuɓe ta ba.

Dosso

Ƙarfe ɗaya, bayan shingen jandarma, kar ta mutu. Makanike ya ce sai gobe. Na kwana gidan wata Bazabarma mai tuwon masara, ba ta jin Hausa sosai, amma mun sha hira.

Yamai

Ƙarfe goma na safe muka iso. Taksi ya kai ni kasuwar Katako, wani taksin ya ɗauke ni zuwa Tondibiya, bakin kogi. Matar da ke jinyar Mompe ta ce, "Inna, kada ranki ya ɓaci, ko ni bai sani ba."

Yana zaune cikin baƙar rigar nan, ta yi masa yawa. Na gaishe shi, ya dube ni kamar bango. Na faɗi sunana, bai gane ni ba. Na kwance kilishin na sa masa a hannu.

Ya sunsuna. Ya ture shi, ya ɗaure fuska.

"Rabi! Nama ran Juma'a?"

Wallahi kwanan Dosso ya rikita mani lissafi. Shekara ashirin da biyu ban taɓa sa masa nama ran Juma'a ba, don ibadarsa ta hana, sai yau. Na ce, "Mompe, na yi kuskure." Ya ce, "A je a nemo kifi."

Ni na sauka bakin kogi na zaɓo, ni na soya. Ya cinye, ya ce gishiri ya yi yawa. Haka yake faɗa tun da can.

Gida

Asabar da la'asar na iso Ƙonni lafiya, godiya ga Allah. Kilishin direba na ba. 'Ya'yana suka tare ni a ƙofa: "Inna, ya gane ki?"

Na ce, "Har faɗa ya yi mani."