Kaset ɗin Malam Idi da Iyakar Gonar Hajiya Talatu

Talata: daga gida zuwa Bacirawa

Na bar ƙauyenmu, kusa da Kunci, da ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba, ɗauke da kaset uku na bidiyo. Na marigayi abokina ne, Malam Idi malamin gona. A ɗayansu akwai ranar da shi da ƙanensa suka raba gonar gado, suka dasa gamba a kan iyaka, daga gindin ɗorawa zuwa rijiya. Bana ɗan ƙanen ya nome gambar, ya shigo kunya goma sha biyu cikin rabon Hajiya Talatu, matar marigayin. Dagaci ya sa zama ranar Alhamis da hantsi. Shaidun rabon duk sun rasu, sai kaset, kuma ba mai na'urar kallonsa a wajenmu, sai an juya shi ya shiga waya.

"Malam, ko dishi-dishi ne, in dai za a ga ɗorawar," in ji Hajiya da take miƙo mini su.

Mai babur ya kai ni Kunci shida da kwata. Daga nan mota zuwa Ɗambatta, inda na karya da koko da ƙosai, sannan bas mai zuwa Kano. A wani shinge jami'i ya buɗe ƙunshina, ya yi dariya ya ce, "Baba, gidan tarihi za ka kai su?" Ban ga abin dariya ba. Na sauka Bacirawa sha ɗaya saura minti goma, a shagon Nasiru, tsohon ɗalibina, wanda ke aikin bidiyo.

"Baba Hedimasta! Har yau hannuna yana tuna rularka."

"Da ma rubutunka ne ya tuna ta," na ce.

Muka wuni yana kwashe kaset ɗin cikin kwamfuta. Bayan la'asar muka ga abin da na zo nema a kaset na biyu: minti tara, Idi yana taka iyaka. Nasiru ya yanke wurin, ya juya shi kafin in gama goge tabarau, ya sa a memori ya ba ni.

"Ga shaidarku. Gobe ka kama hanya."

Na sa a aljihu, na ce zan duba. Na kwana a gidan mahaifinsa, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka.

Laraba: Bacirawa

Baturen mishan da ya koya mana lissafi yakan yage shafi guda saboda ɗigon tawada ɗaya. Da wannan tarbiyya na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, da ita kuma na tambayi Nasiru yadda aka yi aiki ya ƙare da wannan gaggawa. Ya ce katin hoto ne, wani allon ƙarfe da ake cusa wa kwamfuta ya ɗauke mata nauyin matse bidiyo. Iri uku gare shi. Na ja layi a takarda, na ce a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Mai koren kwali ya fi sauri, hotonsa kuma da tsabta. Mai jan kwali ya bi shi kusa da kusa, amma in iska ta kaɗa ganye sai ya dama su kamar kunu. Na ukun ƙarami ne, a jikin ƙwaƙwalwar kwamfutar yake, bai kai su gudu ba, sai dai ba ya shan wuta. Na kafa gilashin karatu a fuskar kwamfutar, na ga dukkansu sun ɗan shafe tsinken gamba.

"Babu wanda ba ya shafewa?"

"Akwai, Baba. A ajiye kati, ƙwaƙwalwar ta yi da kanta, tana wanke hoto ɗaya-ɗaya. Amma tafiyar hawainiya ce."

"Ita za a yi. Kuma duka kaset ukun."

"Haba Baba! Dagacin da gilashi zai kalla? To bari in tura wa wani a garinku minti taran nan ta waya."

"Abin da bai kammala ba ba ya fita da sunana."

Muka fara sha biyu da rabi. Ƙarfe huɗu aka ɗauke wuta, batir ya riƙe na ɗan lokaci ya mutu, aikin kaset na biyu ya koma farko. Ƙaramin katin nan da na raina, da tuni ya gama a kan batir ɗin.

Alhamis: komawa

Aka gama goma da minti ashirin na safe. Hoto ya fito tas, ana iya ƙirga ganye. A Ɗambatta motar Kunci ta yi awa ɗaya da minti biyar tana jiran cika. Na isa gida uku saura minti goma.

Na tarar an watse. Dagaci ya jira ni har azahar. Da babu shaida, ya raba kunyoyin gida biyu, shida-shida, aka shafa fatiha, har an dasa sabuwar gamba. Na ce wa Hajiya mu koma, ga hujja a hannu.

"Malam, an shafa fatiha. Ba ni zan kwance ta ba."

Ta ce dai a nuna mata. Jikarta ta sa sabon aikin mai tsabta a waya, muka kalla. Sannan na ciro memorin ranar Talata daga aljihu, na ce a sa shi. A fuskar wayar nan, mai tsaga a gefe, ni kaina ban iya bambanta su ba. Ga ɗorawa, ga rijiya, ga Idi yana tafe yana nuni da sanda.

"Ka ga tafiyarsa," ta ce. "Kullum kamar ana jiransa."

Ina godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da Nasiru da ya faɗa mini gaskiya sau biyu, da Hajiya Talatu da ta yi mini sannu da hanya, ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Kunyoyin nan shida da ta rasa suna bakin hanyar da nake bi zuwa masallaci. Jiya na ga an shuka musu gero.