Tarihin Sannu-Sannu, Direban Bas ɗin Masaƙa

Haihuwa da karatu

An haifi marigayin da aka fi sani da laƙabin Sannu-Sannu a shekarar 1957, a wani ƙaramin gari da ke gefen layin dogo, cikin gidan haya mai ɗaki biyu a bayan tasha. Mahaifinsa mai gyaran birkin tarago ne, mahaifiyarsa kuwa ɗinkin kayan yara take yi da keken hannu. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma shi kaɗai ne namijin da ya rayu har ya girma.

An sa shi makarantar firamare a 1964, ya yi karatu har aji biyu na sakandare. A 1972 Allah ya yi wa mahaifinsa rasuwa, ɗawainiyar uwa da ƙanne ta faɗo kansa, ya ajiye littafi ya shiga gareji. A can ya koyi gyaran mota da tuƙi, a can kuma ya koyi shan taba, wadda manyan direbobi suka ce masa ita ce maganin gyangyaɗi.

Aiki da aure

A 1980 ya koma birni, wata babbar masaƙa ta ɗauke shi direban bas ɗin da ke kwaso ma'aikata da safe ta mayar da su da yamma. Su ne suka laƙaba masa sunan da ya bi shi har kabari, domin ba ya gudu ko da an makara. Suna yi masa tsiya cewa wata rana mai keke ya wuce su, ya je ya yi cefane, ya dawo ya tarar da su a inda ya bar su. Shi dai murmushi yake yi, ya ce zare ba ya ruɓewa don an yi jinkiri. A tsawon aikinsa bai taɓa buge ko akuya ba.

Ya yi aure a 1984 da 'yar wani kafinta maƙwabcinsu, mace marar yawan magana wadda idan ta ga gaskiya ba ta iya haɗiye ta. Allah ya ba su 'ya'ya shida, biyu suka koma tun suna goye. Ba a san su da rigima ba, in ban da maganar taba, wadda ta yi ta yi masa har ta gaji.

Ciwon maƙogwaro

A farkon 2011 muryarsa ta dishe, ya ɗauka mura ce. Bayan watanni sai haɗiya ta gagara, wani ƙullutu ya fito a gefen wuyansa na hagu. A babban asibiti aka yanki tsoka aka gwada, sakamako ya nuna ciwon daji ne na maƙogwaro. Aka yi masa aiki, sannan aka shiga yi masa gashi da na'ura: a kwantar da shi, a kifa masa wani abin rufe fuska mai raga, a ɗaure kansa don kada ya motsa. Fatar wuyansa ta ƙone ta yi baƙi, yawu ya ƙafe, abinci ya koma masa kamar ƙasa. Matarsa ce ta yi jinyarsa, tana ba shi ruwa-ruwa da ƙaramin cokali.

A 2012 likita ya shaida musu cewa ba a ga sauran ciwon ba. Ya kuma yi musu bayani cewa masu irin wannan ciwo na kai da wuya sun fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki, domin gashin yakan sa manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa su sandare su tsuke a hankali, balle ga wanda ya daɗe yana shan taba. Ya umarce shi da ya riƙa zuwa hoton wuya duk shekara, ya kuma riƙe maganinsa. Marigayin bai ji komai a cikin jawabin ba sai kalmar warkewa. Ya bar taba, ya koma bakin aiki da wuya a sandare, sai ya juya kafaɗa gaba ɗaya kafin ya ga madubi. Hoton ya je sau ɗaya, bai koma ba, domin ko warin asibiti ba ya son ji.

Abin da ya faru a 2016

Wata safiya cikin 2016, bas cike da mutane, ana gab da hawa gada, sai idonsa na hagu ya rufe da duhu, hannunsa na dama ya zame daga sitiyari ya faɗi kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Da hannu ɗaya ya lallaɓa motar zuwa gefen titi. Ya ce wa ma'aikata inji ne ya yi zafi, ya sauka ya buɗe bonet ya tsaya har ganinsa ya dawo, sannan ya kai su masaƙa. Bai gaya wa kowa ba. Saura shekara biyu ya yi ritaya, autarsa tana tsakiyar karatu, shi kuma bai san kansa da wata sana'a ba.

Bayan mako guda abin ya sake zuwar masa a gida, kofi ya suɓuce masa, maganarsa ta harɗe na ɗan lokaci a gaban matarsa. Ta tsare shi har ya faɗa mata batun gada. Ta tuna masa gargaɗin likita, ta roƙe shi ya ajiye makulli ya tafi asibiti, ya ce gajiya ce kawai.

"Malam," in ji ta, "in ranka ne kaɗai, sai in yi kuka in yi shiru. Amma 'ya'yan mutane kake ɗauka."

Ya ce mata idan maganar ta fita daga ɗakin nan, to ita ta fitar da ita. Washegari ta yafa mayafinta ta tafi ofishin shugaban ma'aikata ta faɗi abin da ta gani. Aka karɓi makulli a hannunsa a gaban 'yan uwansa direbobi, aka sallame shi bisa dalilin rashin lafiya. Hoton da aka tilasta masa yi ya nuna jijiyar hagu ta kusa toshewa, likitoci kuma suka ce naman wurin ya taurare saboda gashi, yanka yana da haɗari ƙwarai. Aka ba shi magunguna, aka sa shi a jerin masu jiran wani aiki na buɗe jijiyar.

Daga ranar da aka sallame shi bai sake yi wa matarsa magana ba. Yana cin abincinta, yana karɓar magani daga hannunta, amma idan yana da buƙata sai ya faɗa wa 'ya'ya. Da rana yakan zauna a benci a ƙofar gida, idan bas ɗin ta wuce da sabon direba ya sunkuyar da kai. Amininsa, mai gadin masaƙa, ya yi masa faɗa a kan wannan gaba, sai ya amsa da cewa ya san ita ce da gaskiya, bakinsa ne ya yi nauyi, amma zai yi mata magana idan zuciyarsa ta huce.

Jinyar ƙarshe

A watan Maris na 2017, kafin layin aikin jijiyar ya zo kansa, ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya ɗauke ɗungurungum. Ya yi shekara uku a kwance a ɗakin da ke kusa da ƙofa, matar nan ce ke juya shi, ta yi masa wanka, ta share masa baki. Sau da yawa yakan kafe ta da ido, leɓensa na rawa, wani sauti ya fito wanda ba kalma ba, har hawaye ya gangaro masa. Takan tsaya ta saurara, sannan ta gyara masa matashin kai. Ciwon dajin bai taɓa dawowa ba.

Rasuwa

Ya rasu da hantsin wata Talata a watan Yuni na 2020, yana da shekara sittin da uku. Aka yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar da ke bayan unguwarsu. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun halarta da yawa. A wajen zaman makoki ne mai gadi ya isar wa matar abin da marigayin ya faɗa masa. Ta ce ta gode, amma daga bakinsa ta so ta ji.

Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarsa, malamar firamare, ɗansa na fari, makanike, mai bi masa, ma'aikacin gidan ruwa, da auta, wadda ta bar karatu ta taya uwarta jinya, ba ta kuma koma ba. Ya bar jikoki tara. Allah ya jiƙansa, ya ba matarsa haƙurin abin da ba ta ji ba.