Ammu Shahata da Kitson Rudaina

Ni Nagwa, shekara goma sha tara na yi ina aikin jinya a asibitin yara na Alƙahira, a sashen haske, inda ake ƙona ciwon daji da hasken na'ura, kuma duk tsawon shekarun nan Ammu Shahata, wato Kawu Shahata, yana ɗan ɗakinsa na ƙarshen baranda. Dattijo ne gajere, mai faɗan tsiya, ga shan shayi kamar ba gobe. Aikinsa ɗaya ne. Yaron da za a ƙona wa ƙarin ƙwaƙwalwa da haske, dole kansa ya tsaya cak a wuri guda kullum. Shi ne ke tsoma ragar roba a ruwan zafi, ya shimfiɗa ta a fuskar yaro har ta sandare da siffar kansa. Da wannan takunkumin ake ɗaukar hoto, likitoci su auna inda hasken zai bi. In kan ya goce ko da kaurin farce ne, lafiyayyen wuri za a ƙona.

Dokarsa ba ta canzawa: a tsefe kitso kafin a zo, kuma kada a taɓa gashin kan yaro sai an gama haske. Na ji ya faɗe ta ya fi sau dubu, har mukan kwaikwaye shi a bayan idonsa.

Rudaina 'yar shekara bakwai ce, daga wani ƙauye kusa da Sohag, can kudancin Masar. An yi mata tiyata, ba a iya cire ƙarin duka ba. A lokacin ana gwajin wani sabon magani da aka yi shi don ya nemi irin wannan ƙarin shi kaɗai, ana haɗa shi da haske. Sunanta ya shiga. Sharaɗin gwajin shi ne a fara haske cikin kwana ashirin da takwas bayan tiyata. Wanda ya wuce haka an cire shi.

Ranar Talata, kwana na ashirin da ɗaya, uwarta ta kawo ta. Likitan tiyata ya aske gefe guda kawai, ya bar mata kitso biyu masu kauri a ƙeya. Da Ammu Shahata ya ce a tsefe, yarinyar ta dafe kai da hannu biyu.

Ta ce, "Kawu, su kaɗai suka rage min."

Ya ce, "To sarauniyar Sohag, ni kuma in yi aikina da me?"

"Kai da ba ka da ko sili ɗaya, ina za ka sani?"

Dattijon ya shafa sanƙonsa, ya yi dariya har da tari. Ni ce a tsaye, na ga lokacin da zuciyarsa ta karye. Ya kwantar da kitson a ƙarƙashin ƙeyarta, ya ɗora robar a kai. Ana ta raha suka fita, bai faɗi rabin dokarsa na biyu ba. Ni ma ban faɗa ba, kuma har yau abin yana cina.

Suka tafi gida hutun Juma'a. Ashe tun ranar tiyata uwar ta yi bakance cewa in 'yarta ta farfaɗo, za ta yanke kitson a hubbaren waliyyin ƙauyensu, ta raba gurasa da nama. Ta cika alkawarinta kamar yadda uwarta da kakarta suke yi.

Ranar Lahadi, kwana na ashirin da shida, suka dawo. Rudaina ta cire kallabi tana murmushi, kai ƙwal. Da aka ɗaura mata takunkumin, kanta ya riƙa wasa a ciki. Ammu Shahata ya zura yatsa biyu a ƙeyarta, inda kitson yake a da, suka shige. Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba.

Nan take ya yi sabo. Amma sabon takunkumi yana buƙatar sabon hoto da sabon awo. Ya bi ofis-ofis yana roƙo, mutumin da ko gaisuwa sai ya ga dama. Kowa ya yi iya ƙoƙarinsa, awon bai kammala ba sai Alhamis, kwana na talatin. Likita ta rubuta wa masu gwajin, suka ce ƙa'ida ɗaya ce ga kowane yaro, in ba haka ba sakamakon ba zai amfani kowa ba. Gaskiya suka faɗa, amma na ji haushinsu a ranar.

Aka yi mata haske ba tare da sabon maganin ba. An gaya wa uwar cewa lokaci ne ya ƙure, ba a ce mata komai game da kitso ba. Rudaina ta samu wata tara. Ta koma makaranta na ɗan lokaci, sannan ƙarin ya dawo, ta rasu. Da an ba ta maganin, ko zai cece ta? Ba wanda ya sani, shi ya sa ake kiransa gwaji.

Bayan addu'ar arba'in, uwar ta shigo jirgin ƙasa ita kaɗai, cikin baƙaƙen kaya. Ta wuce likitoci, ta nufi ɗakin dattijon. Na bi ta.

Ta ce, "Kawu, wata mata a sashen nan ta ce min aski yana ɓata takunkumi. Don girman Allah ka faɗa min gaskiya. Ni na kashe ta?"

Ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce, "Wace mai surutun ce ta faɗa miki? Gashi ba ya hana komai, 'yata. Ruwana ne bai yi zafi ba ran nan, robar ba ta kama ba. Ko da kitson, ko ba shi, sai an sake. Hannuna ne ya yi kuskure."

Uwar ta ce, "Rudaina ta ce kai ne abokinta. Ban yafe ba, Kawu. Allah ya isa tsakanina da kai." Ta fita ba ta waiwayo ba.

Na rufe ƙofa. Na ce, "Ammu, me ya sa? Ai ruwanka lafiya lau yake!"

Ya ce, "Rabin laifin dama nawa ne, ragowar kuma zan iya ɗauka." Hawaye na bin gemunsa. "Ni ina Alƙahira, Nagwa. Za ta tsine min daga Sohag, ta samu ta yi barci. In kanta ta tsana, ina za ta je ta bar shi?"